Kofin Tsotso da Moɗar Inna

A gidanmu ba a kawo wa ɗan gida ruwa. Randa ce babba a gindin darbejiya, an kafa ta a cikin yashi, an rufe da faifai, moɗar gwangwani a kife a kai. Wanda ya ji ƙishirwa ya je ya ɗiba ya sha, ya ɗauraye, ya mayar. Baƙo ake zuba wa a kwanon sha, a rufe, a kai masa har gabansa kafin a gaisa. Da moɗar nan na girma, ni da ƙannena biyar, a ƙauyenmu da ke bayan Minjibir, kuma ban taɓa jin ta kwantar da kowa ba.

To amma na yi boko. Na zama malamar firamare, na yi aure a Rijiyar Zaki, sai na fara kallon kayan gidanmu a ɗage. Da ɗana na fari ya isa yaye, Inna ta aiko a kai mata shi, kamar yadda ake yi: yaro ya yi kwanaki wajen kakarsa, ta ɗora shi a kan koko, ya manta nono. Har ta fafe masa ɗan ƙaramin ludayi. Na ce a gaya mata yana mura, in ya warke zan kawo shi. Wallahi ko atishawa ba ya yi. Randar nan ce ba na so ya kusanta.

Na yaye shi da kaina, na saya masa kofin tsotso. Na roba ne, shuɗi, mai hannu biyu da murfi, da ɗan tsinin baki a sama da yaro zai riƙa zuƙa. Ko an kife shi ba ya zuba. Shayi a ciki, kunu a ciki, lemo a ciki, da shi yake barci. Ya shekara biyu, ya shekara uku, ya shiga ta huɗu, abin yana rataye a bakinsa. Babansa ya yi magana ya gaji. Maƙwabciyata ta ce nata tun suna tatata suka iya riƙe kofi, na ce kowa da yadda yake renon nasa. Haƙoransa na gaba suka fara yin ruwan ƙasa, na ɗora wa alewa. Ni dai in aka taɓo kofin nan sai in hau, don a ganina tsafta nake yi, sauran mutane kuma ba su gane ba.

Duk ranar da za mu gida kuwa, tun a mota nake yi masa huɗuba a kunne. Kada ya sha a moɗa, kowa yana sa baki, da ƙazanta. In yana jin ƙishirwa ya zo wajena, akwai fiya wata a jaka.

Bayan kaka aka yi wa ƙanena haihuwa, muka tafi suna. Mun isa da hantsi, tsakar gida cike da mata, ana tuƙa tuwo a manyan tukwane, gyaɗar bana a jibge a gefe ba a gama ɓarewa ba. Inna na hango mu ta taso tana ga maigida, ga maigida, yau mijinta ya tuna da ita. Haka take tsokanarsa, irin wasan kaka da jika. Ta ga ya yi gumi, ta je randa da kanta ta ɗebo ruwa, ta durƙusa a gabansa ta miƙa masa moɗar.

Ya mayar da hannuwansa baya.

“Ba na sha. Mama ta ce moɗarki da ƙazanta.”

Muryar yaro ba ta da maƙale-maƙale, kowa ya ji. Mai tuƙin tuwo ta tsaya da muciya a hannu. Ni kuwa, maimakon in yi shiru in haɗiye abin da na shuka, sai na kai masa rankwashi, na ce ƙarya yake, yaushe na faɗa. Ya fashe da kuka yana cewa a mota na faɗa, yau ma na faɗa. Na zagi uwata, na kuma ƙaryata ɗana, duk a numfashi ɗaya.

Inna ta yi dariya, ta ce ashe mijin nata ɗan birni ne, ruwan ƙauye ba ya wuce masa, dole ta nemi wani. Mata suka taya ta dariya don a wuce wurin. Ta zuba ruwan a gindin darbejiya, ta kife moɗar, ta koma wajen baƙinta. Ba ta kalle ni ba.

Bayan azahar muna ɗakinta, ni da ita da gwaggona guda biyu, yaron ya fara rigima. Na zuba masa lemo a kofin, ya zuƙa ya zuƙa, ba ya fitowa, ya yi jifa da shi. Na girgiza, na busa, a banza. Inna ta miƙo hannu ta ce in kawo ta gani. Ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta kwance murfin, ta juya shi, ta sa tsinken ta ɓanɓaro wata 'yar roba da ke manne a ƙarƙashin tsinin. Shekara biyu da wani abu ina wanke kofin nan safe da yamma da sabulu, ban san robar nan tana cirewa ba.

Abin da ke bayanta baƙi ne ƙirin, mai yauƙi, ga wani tsami da ya daki hancina. Ta nan duk abin da ɗana ya sha yake bi.

Na ɗauka za ta ɗaga shi sama ta nuna wa su gwaggo. Ta cancanci ta yi, da ni ce da na yi. Sai ta dunƙule murfin a hannu, ta rufe da gefen zanenta, ta ce ɗan tsakin kunu ne ya toshe, bari ta ɗauraye. Ta fita. Su gwaggo ba su ga komai ba. Da ta tona min asiri a gabansu da na fi samun sauƙi, don da na sami abin yin fushi a kai.

Da za mu tafi ta rako mu zaure. Ta miƙo min kofin, an goge shi da toka yana ƙyalli.

“Bar min yaron kwana bakwai,” ta ce. “Kofin ki tafi da abinki.”

Na sauke shi daga bayana na ba ta, na shiga mota ni kaɗai da kofi a jaka. A mota na yi ta shirya kalmomin ban haƙuri, na shirya na rushe har muka shigo gari.

Ran kwana na takwas na koma. Na tarar da shi a gindin darbejiya, ba riga, ya kama moɗar da hannu biyu ya kafa kai, ruwa na bin haɓarsa har ciki. Ya gama ya ɗauraye ya kife, kamar a nan aka haife shi. Matar ƙanena ta ce kwana biyu kawai ya yi yana neman kofinsa, rana ta uku ya karɓi koko da ɗan ludayin nan da Inna ta ajiye masa tun wancan lokacin. Ya zubar wa kansa a jiki sau nawa, ba wanda ya ƙirga, a wanke shi kawai a ci gaba.

Na ji daɗi, na kuma ji kunya, kunyar ta fi yawa. Na sha rana a hanya, maƙogwarona ya bushe, na nufi randa in ɗiba in sha kamar kullum, daga nan in shiga ɗaki in durƙusa in faɗi abin da na shirya.

“Zauna mana, kin sha hanya,” in ji Inna daga ƙofar ɗakinta.

Ta shimfiɗa min tabarma sabuwa. Ta shiga ta fito da kwanon shan nan mai fure da take ajiyewa a saman kabad, ta wanke shi da sabulu a gabana, ta zuba ruwa, ta rufe da faifai, ta kawo ta ajiye a gabana. Ba da gatse ta yi ba, ko kusa. Fuskarta a sake, ta tambaye ni mutanen gida da aiki.

Na ba ta haƙuri ran nan, na ƙara ba ta daga baya. Ta ce haba, ba komai, ai maganar yara ce. Yanzu yaron yana aji uku, haƙoran nan sun faɗi sababbi sun fito, in mun je da gudu yake wucewa randa. Ni kuwa kafin in ajiye jaka an kawo min nawa a kwanon sha, a rufe.