Hajo Mai Tuwo da Majigin Turawa

Ranar Talata, 8 ga Maris 2016, na fara ganin Hajo. Ni ne akawun ƙungiyar direbobi a tashar bakin iyaka ta Jibiya, ita kuma ta zo neman wurin kafa tukunyar tuwo. Da na tambayi asalinta ta ce ita 'yar Faransa ce, yadda tsofaffinmu ke kiran ƙasar Nijar. Na rubuta Maraɗi.

Tana budurwa wasu Turawan Faransa suka ɗauke ta wasan majigi na koyar da tsafta. Ba a magana a ciki, don Bahaushe da Buzu da Bafillace duk su gane. Kullum ita ce ƙazamiya: ta ɗebo ruwan kududdufi ta yi miya, ɗanta ya sha ya mutu. Ta iya ƙwarai. Ta taɓa nuna mini yadda ake kuka da gira kawai, sai da na kau da kai.

Majigin ya zaga ƙauyuka ba mai bayani, mutane suka ɗauka a gidanta aka ɗauke shi. Da ƙyar ta samu miji. Da ya rasu ta fara tuwon sayarwa, ba mai saye, shi ya sa ta tsallako.

A nan ta ɗan huta. Direbobin nesa ba su san ta ba, kuma ban taɓa ganin mai wanke kwano kamarta ba. A 2019 aka rufe iyaka, manyan motoci suka ɗauke ƙafa, sai 'yan gari. A lokacin ne wani ya sa tsohon majigin a waya, ya bazu har ƙauyukan Kusa da Farfaru, mutane suka daina sayen tuwonta.

Na samu Kalilu mai faci, wanda a da kullum wurinta yake ci, na ce masa ai wasa ne aka shirya. Ya ce ya sani, amma da ya kai loma baki sai ya ga kududdufin.

Na gaya mata. Ta ce, "Malam, da sun bar ni na yi magana ko sau ɗaya, da na ce yaron nan ba nawa ba ne, barci kuma yake yi."

Ta koma sayar da itace. Da daminar 2021 ta bar tasha, ta tafi wurin ƙanwarta Ma'u da ke aure a Mazanya. Can ta rasu a 2023. Ma'u ta ce mini har ta rasu mutanen gidan ba su bar ta ta taɓa tukunya ba.