Hannu Har Ƙasan Buhu

Har gobe ba zan manta da ranar da Dakta Rabi ta zaɓa mana manhaja ba. Lokacin ina malamin gona a ofishinmu na Tudun Wada, ita ce shugabar sashen bincike. Ƙuduji, ciyawar nan mai tsotse dawa, ya gama da gonakin mutanen ƙauyen Ƙofa, kuma mu suke jira mu faɗa musu irin da za su shuka kafin ruwa ya sauka. In muka kuskure, sun sake asarar shekara.

Takardun bincike kam mun tara su jibgi a kwamfuta, amma wa zai karance su? Shi ya sa ake neman manhajar da za ta jera su, ta nuna wacce ta dogara da wacce.

Wani ɗan gayu ya zo daga Kano da tasa. Yana dannawa sai ga takardun sun baje kamar saƙar gizo, da manyan ɗigo a tsakiya. Ya ce waɗannan su ne masana suka fi ambata. Ni dai wallahi ta riga ta tafi da ni.

Dakta ta ce, "Malam Sabo, in ka je sayen dawa, saman buhu kake dubawa?"

Na ce, "Haba Hajiya, ai sai na tura hannu har ƙasa."

Ta ce, "To tura."

Ta sa na nemo wani aikin ɗalibai kan irin dawa mai jure ƙuduji, da ta san yana cikin tarin, wanda aka gwada a ƙasa irin tamu. Ko ƙyallinsa babu. Ɗan gayu ya sosa ƙeya, wai tunda ba wanda ya ambace shi, manhajar tsallake shi take yi.

Muka gwada wata manhajar da ita ma aka kawo mana, wadda ba launi ba ado, amma tana karanta cikin kowace takarda. Nan take ta fito da shi, har da ire-irensa. Ita Dakta ta zaɓa, duk da maigidanmu na sama mai adon yake so, ya kuma daɗe yana amsa gaisuwarta ciki-ciki. Ko a jikinta. Ranar ta burge ni ƙwarai.

Ku da kuke shigowa aikin nan, abin da ya fi suna ba lallai shi ne mai amfanin mutanenku ba, sai kun tona. Irin da aikin ɗaliban nan ya nuna shi muka ce a shuka, dawa kuwa ta yi kyau. Da kaka wani dattijo daga Ƙofa, da labarin tura hannun ya kai gare shi, ya shigo ofis da buhun dawarsa. Ya kwance bakin da kansa, ya ce, "Hajiya, bismillah, tura hannu."