Tokar Biki a Gindin Lemuna

Bayan ɗakina akwai wani kango, tsohon ɗaki ne da ya rushe tun kafin a kawo ni gidan nan na Bodinga. Da na zo juji na tarar, fasassun tukwane da tsummoki da takalman roba marasa 'yan'uwa. Ni kuwa 'yar Shagari ce, gidanmu manoman albasa ne, idan na ga ƙasa zaune a banza hannuna ƙaiƙayi yake yi. Na kwashe sharar da kwando, na farfasa tubalan da taɓarya, na roƙi kashin awaki gida gida. Maigidana tela ne a kasuwa, kullum ya dawo sai ya leƙo ya yi dariya, ya ce ya auro mata ashe ɗan ƙodago aka ba shi. Ban kula shi ba. Da ya fara shan miyar ɗanyar kuɓewa ba tare da ya sa hannu a aljihu ba, dariyar ta ragu.

Lambun bai fi shimfiɗar tabarma shida ba, amma ban bar shi ya huta ba. Da damina kuɓewa da rama da yakuwa, kabewa kuma ta haye danga ta leƙa gidan maƙwabta. Da kaka in yanka kuɓewa in shanya, in zaɓi iri in ɗura a kwalba. Sanyi na shigowa in ja fangali huɗu, albasa da salak da tumatir, lawashin albasar in daka in yi gabu, wanda zai kai ni wata shekara. Da hantsi nakan ɗauki kujera 'yar tsugunno in zauna can ina tsinkar zogale, ba mai kirana, ba mai aikena. A duk gidan nan wurin kaɗai ne nawa.

Bazara ita ce mai raba gardama. Rijiya ta ja baya, rana ta ƙone komai, ba abin da ke saura sai zogale da lemuna.

Lemun tsami ne. A kasuwar Shagari na sayi dashensa cikin leda, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, na riƙe shi a cinya a mota har Bodinga. Bazara huɗu na yi ina goyonsa. Na ajiye roba a wurin alwala, duk wanda ya yi alwala a gidan ruwansa na lemu ne, haka ruwan wankin gero. Ruwan sabulu kuwa ko ɗigo ban yarda ya je gindinsa ba. Idan rana ta take in yi masa rumfa da tsohon buhu. Gara ta taso masa sau biyu na kore ta, akuya ta taɓa cinye kansa na yi kwana uku ba na gaisawa da mai akuyar. A shekara ta biyar ya fi ni tsawo, ya yi fure, ƙamshi ya cika bayan ɗaki, sannan 'ya'ya suka fito ƙanana kamar gujiya. Kullum da safe sai na je na duba su.

A wannan bazarar ce aka sa bikin 'yar yayan maigidana. A garinmu idan biki ya zo akan ari gidan ɗan'uwa ko maƙwabci, wani a sauke baƙi, wani a yi girki, kuma ba a cewa a'a. Abin da ya ƙona mini rai shi ne a bakin shagon maigida aka yi maganar, aka gama, ni sai labari.

"Yaya ya ce nan za a aza tukwane," in ji maigida, yana wanke hannu. "Bayan ɗakinki akwai hili."

Na ce, "Ba hili na ba, Malam, lambu na."

"To mi ag ga shi yanzu? Kin hidda albasa, ba komi sai iccen ga guda. Kwana biyu na ɗai."

Ya ba da abin da bai taɓa zuba wa ko moɗa ɗaya ta ruwa ba, ya kuma sha godiya a kai.

Gwaggon maigidana ce shugabar girki, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa mai ƙarfi da baki, wadda ba a yin biki a dangin ba tare da ita ba. Ba muguwa ba ce, wannan kam sai in faɗa, don da na haihu ita ta yi mini wankan jego. Ta zo da rundunarta da duwatsun murhu da manyan tukwane. Na durƙusa na gaishe ta, na roƙa a ja murahun can jikin katanga, nesa da lemu. Ta yarda. Na kewaye shi da zana. Kwana biyu aka yi ana wuta, aka tattake fangalina ya koma kamar daɓe, aka karya zogale biyu aka yi makamashi da dangata. Duk na haɗiye, don fangali ana sake ja, zogale kuma ko sanda ka kafa ya tsiro. Ni dai idona na kan lemu, duk wadda ta ɗauko ruwan zafi za ta watsar sai na tare ta da murmushi na karɓa.

Rana ta uku da safe aka ce ina cikin masu zuwa Dingyadi jeren ɗakin amarya. Na bar su suna tuyar waina ta sallamar baƙi. Na yi tsammanin an riga an tsallake.

Da la'asar na dawo na tarar an share bayan ɗaki fes, an kwashe duwatsu, an ɗage zanar an jingine. A gindin lemuna kuwa ga tudun toka har kusan gwiwa, an tara ta an daddanna ta a jikin itacen, tokar murhu shida. Gwaggo na zaune a kan tabarma tana jirana, fuskarta cike da jin daɗi.

"Ɗiyata, mun ɓata miki wuri, shi as sa nic ce kar a kai tokag ga juji. Taki ta, kuma gara ba ta kusanta tai. Baɗi sai kin rasa inda za ki kai lemu."

Gaskiyarta, toka taki ce, kowa a ƙasar nan ya san haka, har a jaki ake kai ta gona. Amma toka mai sanyi. Na sunkuya na tura yatsa ciki, na fizge da sauri. Saman ya yi fari ya huce, cikin kuwa garwashi ne ja, tun hantsi yake cin itacen a rufe.

Ga mata sun kai goma a tsaye suna kallona, ga tsohuwa tana jiran tukuicinta. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Na gode, Gwaggo, Allah shi saka da alheri." Wannan godiyar ce har yau nake jin haushin kaina a kanta. Na raka ta har zaure, na riƙe mata ƙunshin kayanta, tana ta sa mini albarka, lemuna yana can yana dahuwa.

Da na komo na yaye tokar da faranti, da na ga faranti na ɓata mini lokaci na sa hannu, yatsuna uku suka tashi. Ɓawon gindin ya yi baƙi zagaye, ina taɓawa ya saɓule. Na kwaɓa laka da kashin shanu na shafe, na naɗe da tsumma, na yi ta ba shi ruwa har da wanda za mu sha. Bai mutu nan take ba, da ma hakan ya yi da ya fi mini sauƙi. Mako guda 'ya'yan suka fara zuba, na biyu ganye ya naɗe, na uku ya tsaya tsirara. Ruwan farko ya sauka, ciyawa ta tsiro har a kan katanga, na yi ta tona gindinsa ko zan ga toho. Ban gani ba.

Maigida ya ce, "Icce na hwa, ba mutum ba. In an tahi Shagari a sawo wani." Kamar shekara biyar ma a leda ake sayar da ita. Na hana a sare shi, na bar shi tsaye kowa ya gani.

Tsakiyar damina sai ga Gwaggo da mura, murya a dushe. Bayan gaisuwa ta ce in tsinko mata lemu biyu ta matsa a ruwan zafi, tunda ita ta sa masa taki. Na ce ta zo ta gani. Ta tsaya ta dubi busasshen itacen sama da ƙasa, ta girgiza kai.

"Ɗiyan yanzu ba ku da kula. Ba ki ba shi ruwa ba, ko?"

Nan igiyar ta tsinke. Ban ɗaga murya ba, ban zage ta ba, amma ban rage komai ba. Na ce, "Gwaggo, ba ƙishirwa tak kashe shi ba. Tokad da kunka zuba da wuta cikinta. Shekara biyar ina ba shi ruwan alwala, kun dahe man shi wuni guda, kuma nig gode muku." Na nuna mata tabon yatsuna. Ta dubi hannun, ta dubi itacen. Ta ja mayafinta ta fita, ko ruwan zafin ba ta sha ba.

Kafin azahar magana ta zagaye dangi. Ba wanda ya tambayi yadda lemu ya mutu. Abin da ake faɗa shi ne matar tela ta tsaya gaban Gwaggo, wadda take kamar uwar mijinta, ta gaya mata magana a kan itace. Yayan maigida ya zo da kansa, aka aika Shagari, mahaifiyata ta aiko cewa kada in kunyata ta. Washegari maigida ya sayo goro da sabulu, ya sa ni gaba har gidan Gwaggo.

Na cire takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa, na ce na yi kuskure, ta yafe mini. Ta ce ta yafe duniya da lahira, mutanen ɗakin suka ce madalla, haka ake so. Na ɗan ƙara jinkiri a durƙushe, ko wani zai ce ni ma a ba ni haƙuri. Maigida ya ce in tashi mu tafi, ya bar shago a buɗe.