Ranar da Muka Raɗa wa Ordinatar Suna

Na manta abubuwa da yawa a duniya, har da inda na ajiye carbina ɗazu, amma ranar da muka raɗa wa ordinatar, wato kwamfuta, suna a likitar Gure, asibitin garin, ba za ta fita daga kaina ba sai an tura mini ƙasa.

A ƙarshen shekarun casa'in ne. Ni ne gardin likita a lokacin, ni ne kuma mai kula da grup, injin da ke ba mu kuran, wato wutar lantarki, idan na gari ya ɗauke. Lakwal kuwa, makarantar boko, leƙa ta kawai na yi. Kafin in saba da benci mahaifina ya mayar da ni Kelle wurin awaki, su ma awakin ban ga alamar sun yi murna da dawowata ba.

Majonmu, wato shugaban masu jinya, mutumin Tawa ne, mai kirki amma mai saurin hannu. Wani bature da ya gama aikinsa ya bar masa ordinatar na hannu, irin wanda ake ninkewa a sa a jaka. A cikinsa yake buga littafin da, in an karɓa, zai samu komawa karatu Yamai. Duk sanda abin ya tsaya cak, sai majo ya kai masa mari. Rannan dai ya ƙi tashi gaba ɗaya. Allah ya taimaka rubutun na ajiye a disket, ɗan faifan ajiya, amma bai kammala ba, lokacin aikawa ya matso, wurin da zai samu wani ordinatar kuma sai Damagaram, ga shi ba zai bar marasa lafiya ba. Har shayi ya daina sha.

Sai mushe, wato malamin lissafi na kwaleji, abokinsa, ya zo da tarin disket a kwalin sukari. Aro ya yi su daga Damagaram, kuma mai su ya ce lallai motar la'asar ta ranar ta mayar masa. Ya ce za a wanke kan ordinatar tas a zuba masa wani sabon tsari, wanda mutane daga ƙasashe daban-daban suka taru suka gina, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya iya ya gyara ya ƙara. Na ce ashe turawa ma na gayya. Ya nuna mini hoton wani tsuntsu mai tumbi da ke zaune ya miƙe ƙafafu, ya ce tambarinsu ke nan. Na duba shi da kyau, na ga mun yi kama bayan cin tuwo, nan take na yarda da su.

Batirin ordinatar ya daɗe da mutuwa, kuran gari kuma ya ɗauke tun hantsi, don haka komai ya dawo kan grup ɗina da ɗan gazuwal, man dizal, da ya rage. Mushe ya ja mini kunne cewa in wuta ta yanke kafin a gama, sai an faro daga farko, ba kuma sauran lokaci. Suka zauna, a sa disket, a jira, a cire, a sa wani. Rubutu fari na ta gudu a kan baƙin gilashi kamar tururuwa. Ni kuma ina kai da kawowa, in leƙa tanki, in dawo in tsaya bayansu ina gyaɗa kai kamar na gane.

Azahar ta wuce, grup ya fara tari, sai rubutun ya tsaya. Na tambayi abin da ya faru. Mushe ya ce sun kusa gamawa, abin yana tambayar sunan da za a sa masa ne. Majo ya ce a buga komai a wuce.

Na ce, "Majo, tsaya. An wanke shi, an sake haihuwarsa, ya buɗe baki ya nemi suna, kai kuma ka ce komai? Ba goro, ba fatiha?"

"Baba gardi, don Allah je ka ji da grup ɗinka."

"Grup na jin muryata daga nan. Ko ɗan akuya ba a yi masa haka."

Rago nake hange, ba wani abu ba. Mushe ya ƙyalƙyale da dariya, ya janye hannunsa daga madannai, ya ce gaskiyar tsoho ce, shi ba zai zama wanzamin da ya yi aski ba suna ba. Majo ya kalli agogo, ya kalle mu, gumi na tsiyaya. Grup ya sake tari, fitilar ɗakin ta yi ja. Na ce wa majo ai abu mai sauƙi ne, namiji ne kuma na fari a gidansa, a mayar masa da sunan marigayi mahaifinsa.

Na ɗauka zai jefe ni da takalmi. Sai ya jawo ordinatar gabansa, ya buga sunan da yatsa ɗaya, bai furta ba, don ɗan kirki ba ya kiran sunan ubansa. Na ciro goro guda daga aljihu na fasa uku, muka shafa fatiha a tsaye, na ruga waje na karkata grup don ya tsotsi abin da ya kwanta a gindin tanki. Ina nan durƙushe hayaƙi na shiga hancina na ji mushe ya ce an gama. Kwalin sukari ya samu motar la'asar.

Abin da ban sani ba, wannan tsarin a farkon kowane layi yake nuna sunansa. Duk sanda majo ya buɗe, sunan mahaifinsa ke fara gaishe shi. Bayan ƴan kwanaki na gan shi ta taga, wani abu ya ƙi masa, ya ɗaga hannu yadda ya saba. Hannun ya tsaya a sama. Ya sauke shi a hankali, ya share ƙurar gilashin da bakin rigarsa, ya ce, "Yi haƙuri, Abba, ni ne ban iya ba." Daga ranar duk likita Abba muke kiransa. Littafi ya kammala, majo ya tafi Yamai da Abba a jaka. Rago kam ban gani ba, amma zabin da majo ya yanka na ci har na kasa rufe ƙofar likita da wuri.

Abin da na koya shi ne, kayan da aka samu kyauta sun fi shan mari, sai in mutum ya ɗauke su nasa na jini. Tun daga lokacin, in na ba jikana aron kekena, sai na tuna masa sunan kakarsa na sa wa keken.