Butancin Malam Labaran

Duk wanda ya biyo layinmu a Sharaɗa da hantsi zai ga wani tsoho a kan benci, da ɗan teburin goro da alewa a gabansa. Sai ka ɗaga murya kafin ya amsa sallama, don injin saƙa ya cinye masa kunne ɗaya. Malam Labaran ke nan. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasu. Mutanen layi sun ɗauka Bakano ne, don abin da ya gaya musu ke nan. Ni ma haka na ɗauka, sai da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ba ni labarin ranar da wuta ta ɗauke.

Tare suka yi aiki a wata masaƙa a Bompai, injinsu gefe da gefe. Maigidana ya ce ƙarar wurin ba ta barin ka ji ko tarin kanka, da hannu ake magana. Kullum yakan ga bakin Labaran yana motsi, ya ɗauka zikiri yake yi, har yana ganin girmansa. Ran nan aka ɗauke wuta ba zato, injuna suka yi tsit, sai ga muryar Labaran ita kaɗai ta cika ɗakin, da wani harshe da ba wanda ya taɓa ji.

Aka bushe da dariya. Wani ya ce, "Labaran, mutanenka ne suka hau? A kawo turare?" Wani ya ce, "Ba aljanu ba ne, yare ne. Ashe ɗan dutse muke ci da shi a kwano ɗaya."

Shi Labaran Babute ne, daga ƙauyukan Ningi. Tun yana yaro mutanensa suka koma Hausa, sai tsofaffi. A hannun kakarsa ya tashi, shi ya sa ya sha yaren da ɗuminsa. Da ya zo Kano bai sami wanda zai yi da shi ba, sai ya mayar da ƙarar injin labule. A bayanta yake ba kakarsa labarin birni, tana kabari.

Akwai wani Bature mai gyaran injuna da suke kira Jan Gemu. Shi bai yi dariya ba. Ya kira Labaran gefe, akawu yana tafinta, maigidana yana tsaye. Ya ce shi ma Turanci ba yaren uwarsa ba ne. Ƙasarsu Wales, tana jikin Ingila, kuma yarensu ya riga Turanci zama a can. A zamanin kakansa, in yaro ya yi yaren a makaranta sai a rataya masa katako a wuya, wanda aka tashi da shi a wuyansa ya sha bulala. Amma ya ce sun farka, wasu har kurkuku suka shiga, yanzu ana rubuta shi a allunan hanya, ana koyar da yara da shi. Ya ce wa Labaran ya sa nasa a bakin 'ya'yansa tun suna goye.

Labaran ya yi godiya. A hanyar gida ya ce wa maigidana, "Su aƙalla sun san wanda ya rataya musu katako, suna da wanda za su yi wa fushi. Mu ba wanda ya doke mu. Dariya aka yi mana a kasuwa, muka ajiye da hannunmu."

Bai bi shawarar ba. Ya ga abin da 'yan masaƙa suka yi da shi, har suna suka laƙa masa, bai so 'ya'yansa su gada. Ya gaya musu asalinsu wajen Kumbotso ne. Matarsa Aina'u ta san gaskiya, ta tafi da ita kabari. Masaƙar ta rufe, ta zama wurin ajiye kayan China. Labaran ya yi gadi, ya yi dako, a ƙarshe ya zauna kan tebur. Ɗansa Ibrahim ya yi karatu, ya zama akawu a wani kamfanin fata a Chalawa, ya auri 'yar gidan malamai daga cikin gari, gidan da sai sun bincika kakan kaka kafin su ba da 'ya.

Sai Fiddausi ta zo, 'yar Ibrahim. Tun tana rarrafe ta manne wa kakanta. In ta dawo daga makaranta a gefen teburin take zama, yana ce mata amarya, tana ce masa tsohon ango mai kunne ɗaya. Ban san yaushe ya fara koya mata yaren ba. Ina tankaɗe a tsakar gida sai na jiyo su ta katanga, ya faɗi kalma, ta maimaita, ya gyara mata. Akuya, ruwa, zo, tafi, gaisuwar safe. Daga baya har faɗa suke yi da shi. Mutumin da na sani shekara da shekaru kamar bango, sai ga shi yana dariya har da tari.

Na taɓa ce masa, "Malam, uban ya sani?"

Ya ce, "Maƙwabciya, ni kaɗai na rage a cikin waɗanda na sani. Na je garinmu bara, na gaishe da sa'o'ina da shi, suka amsa mini da Hausa. In yarinyar nan ta riƙe ko rabi ne, ban mutu da shi a ciki ba."

Ranar sunan ƙaninta, surukar Ibrahim, Hajiya Bara'atu, ta zo da mata mota guda. Ina cikin ɗakin. Aka ce Fiddausi ta gaishe da kakarta, ana so a ji Turancin makaranta. Yarinya ta durƙusa, ta zubo gaisuwar Butanci tiryan-tiryan, tana kallon kowa a yaba mata.

Hajiya ta ce, "Wannan kuma wane karatu ne?"

"Yarenmu ne. Kaka ya ce mu Butawa ne."

Hajiya ta gyara mayafi, ta dubi 'yarta mai jego, ta yi murmushi. "To, madalla. Mu dai Kumbotso aka gaya mana." Wata daga baya ta ce, "Shi ya sa jaririn bai ɗauko hancin gidanmu ba." Aka yi 'yar dariya, aka ci gaba da rabon waina.

Bayan la'asar, da baƙi suka watse, na jiyo Ibrahim. Bai ɗaga murya don rashin kunya ba, sai don uban ya ji.

"Baba, ku kuka gaya mini Kumbotso. Da bakina na je na faɗa wa mutanen nan. Yau na zama maƙaryaci a gidan surukaina, a kan abin da ban ma sani ba. Ni ba ku ba ni yaren ba. Me yarinyar nan za ta yi da shi? Da wa za ta yi?"

Na kasa kunne in ji amsa. Sai tsohon ya ce, "Ka yi gaskiya, Iro."

Ibrahim bai hana yarinyar zuwa wurin tebur ba, ba shi da wannan zuciyar. Washegari ta fito da gudu ta gaishe da kakanta da Butanci kamar kullum. Ya amsa mata da Hausa. Ta sake, ya sake. Ta ɗauka wasa ne, ta ja masa gemu. Ina bakin ƙofa ina jiran mai ruwa, sai wata akuya ta zo tana shinshina goro. Fiddausi ta nuna ta.

"Tsoho, yaya ma sunanta? Ya ɓace mini."

Ya kori akuyar, ya yayyafa wa goron ruwa, ya ja buhun algarara ya rufe.

"Ni ma na manta, amarya. Tsufa ne. Je ki ɗauko jakarki, za ki makara."