Neman Zaƙi Bayan an Rage Mini Tumbi

Tun ina yarinya ban san karyawa ba zaƙi ba. Ko bayan na yi aure muka tare a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, halin bai bar ni ba. Idan koko ne, sai na ji sukari yana ƙas-ƙas a gindin kofi. Idan waina ce, ba ruwana da miya, zuma nake kwarara mata har ta jiƙe. Ranar da babu ko ɗaya, na haɗa shayi mai kauri na tsoma fanke. Haka na yi ta tafiya har jikina ya fi ƙarfin gwiwoyina. Salla ta koma a zaune, hawan jini ya shigo, in na hau matakalar gidan biki sai na tsaya a tsakiya ina haki. Na gwada rage ci, na sha jiƙe-jiƙe iri-iri, ƙibar ta ɗan ja baya ta dawo da ƙannenta. Daga ƙarshe likita ya ba ni shawarar a yi mini aikin rage tumbi. Muka yi shawara da maigidana, muka yi istihara, aka yi aikin, Allah ya ba da sa'a.

Makonnin farko ruwa-ruwa kawai nake sha: romon kaza da aka tace, madara ba sukari, ruwa kurɓi-kurɓi. Abin mamaki, yunwa ba ta damuna ko kaɗan. Kwaɗayi ne bai ji an yi aiki ba. Da safe idan mai ƙosan lungunmu ta ɗora kasko, ƙamshin ya biyo taga, sai na ji yawu ya cika mini baki alhali cikina a ƙoshe yake.

Ranar da na koma asibiti, ma'aikaciyar da ke tsara wa irinmu abinci ta ce na isa fara cin abu mai laushi, ji na yi kamar an ce mini gobe Salla. Ta yi mini bayani a tsanake. In fara da abin da ke gina jiki, kamar ƙwai, alala da kindirmo. In tauna sosai, kada in kora da ruwa, kuma da na ji alamar ƙoshi in ajiye cokali. Ban bari ta rufe baki ba na tambaye ta zancen zaƙi. Ta yi dariya ta ce kusan kowa wannan ce tambayarsa ta farko, ta ce in nesanci sukari, sauran kuma mu bi a hankali.

Washegari tun kafin yara su tashi na dafa ƙwai ɗaya, na murƙushe shi da cokali mai yatsu. Na zauna a tsakar gida ina ci ɗan mitsi-mitsi, ina jin daɗin tauna kamar yau aka ba ni haƙora. Rabinsa ya ƙosar da ni. Na shiga ɗaki na nuna wa maigidana sauran, yana ta dariya wai tsuntsuwa ya aura bai sani ba. Kwanakin da suka biyo baya na ci alala, na sha kindirmo tsura, duk cikin murna. Amma kullum in na gama, sai na ji kamar an yi magana an bar ƙarshenta.

Ana haka Innata ta zo duba ni daga ƙauye, ɗauke da gorar zuma farar saƙa. Ta tarar ina shan koko salam, ta dube ni da tausayi.

"Ke 'yar nan, sukari aka hana ki," in ji ta. "Zuma kuwa ai magani ce."

Maganar ta zo daidai da abin da zuciyata ke so, ban ja da ita ba. Na zuba cokali guda a ɗan kokona na shanye, har da lumshe ido. Ba a jima ba zufa ta karyo mini, zuciyata ta hau dukan uku-uku, ɗakin ya fara juyawa, cikina ya murɗa. Inna ta rikice tana yi mini fifita tana salati. Maigidana ya kira likita a waya, likitan ya ce in kwanta, zai lafa, in bai lafa ba a kawo ni. Ya ƙara da cewa sabon cikin nan nawa bai bambance zuma da sukari ba, duk zaƙi mai ƙarfi da ya faɗa masa lokaci guda haka zai yi. Kafin azahar na warware. Inna ta miƙa wa yara gorar, ta ce ita ta bar ba da fatawa a kan cikin da likitoci suka ɗinka.

Labarin ya kai kunnen maƙwabciyata, wata 'yar Filato da ke haya a gidan da ke jikin namu. Koyarwa take yi a wata firamare a Unguwar Gano, shi ya sa duk layin muke ce mata Malama. Ranar Asabar da hantsi sai ga ta da ƙullin acca. Ta ce a garinsu da ita ake tayar da marar lafiya, ba ta da nauyi a ciki, amma in fara tambaya tukuna. Na aika wa ma'aikaciyar nan saƙo, ta amsa cewa ba laifi, in dai zan haɗa da madara ko kindirmo kuma kada ta wuce ɗan ƙaramin kofi. Malama ta shiga kicin ɗina kamar nata, ta wanke accar ta rege tsakuwa, ta dafa ta luguf ta dama da madara. Na ɗanɗana. Ta yi daɗi, ta kwanta lafiya, sai dai har yanzu salam. Na faɗa mata gaskiya.

"To Hajiya, mu nemo wa kunun nan hula mana," ta ce. "Zaƙi ai ba a gwangwani kaɗai Allah ya ajiye shi ba."

Daga ranar nan, Asabar ta zama ranar gwajinmu, kuma tun daga Laraba nake fara ɗokinta. Mukan tari adaidaita sahu zuwa kasuwar Tarauni, mu bi layin masu kayan marmari muna dubawa kamar masu zaɓen lefe. Abu ɗaya muke gwadawa a rana, ɗan kaɗan, don in ya ƙi mu san mai laifi. Ayaba ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Kankana ta tsinka kunun ta ɓata shi. Dabino na yanka ɗan siriri na jiƙa, ya karɓe ni, amma zaƙinsa ya tsorata ni, na ajiye shi sai jefi-jefi. Malama ta zo da dabarar garin kirfa, wai ƙamshinsa yana yaudarar harshe. Ni kuma na tuno yadda kakata ke soya gyaɗa ta daka, na ce mu barbaɗa ita ma.

Gwanda ce ta raba gardama. Wani dattijo mai baro ya zaɓo mana wadda ta nuna a bishiya, cikinta jajir. Muka dawo gida, na murje yanki ɗaya da bayan cokali, na ɗora a kan acca mai ɗumi, na barbaɗa kirfa da ɗan garin gyaɗa. Cokalin farko na tsaya cak. Zaƙi ne sosai, mai sanyi, ba ya kartar maƙogwaro. Muka zauna jugum ni da Malama muna jiran zufa, tana kallon goshina ina kallon nata. Shiru. Da muka tabbata lafiya lau, na miƙe na rungume ta, na fara taka rawa a tsakar gida da kofi a hannu, yara suka fito suna tafa mini ba su ma san dalili ba. Na kira Inna na ba ta labari, ta ce ai ita dama ta san gwanda magani ce.

Abin da ban zata ba shi ne yadda harshena ya sauya. Wata safiya na ɗan lashi shayin maigidana don in ji ko ya huce, sai da na yamutsa fuska, ashe abin da na sha shekara da shekaru ke nan. Na fara jin zaƙi a inda ban taɓa sanin akwai shi ba: a dafaffiyar kabewa, a karas, a albasar da ta soyu a cikin ƙwai. Kabewar ma ta hau kan acca, kuma ta yi kyau. Yanzu nakan fara da ƙwai ko alala, sannan in rufe da ɗan kofina, kuma nakan kwana ina tunanin abin da zan ɗora masa da safe.

Da zafi ya shigo aka ba ni izinin gwada mangwaro, yanki ɗaya. Ƙanwata da ke aure a Darmanawa tana da bishiya a gidanta, ta ce za ta aiko mini, na ce ta bari zan zo da kaina. Bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, na ɗaura takalmi na kama hanya a ƙafa. Masu adaidaita suna ta yi mini hon, ina ɗaga musu hannu su wuce. Na isa ina zufa amma ba na haki. Ƙanwata ta buɗe ƙofa, ta leƙa bayana tana neman abin hawan da ya kawo ni. Na ce ta bar dube-dube ta ɗauko mini doguwar gora, ni zan tsinko mangwaron da hannuna.