Karsanar Mutumin da Ya Sare Ni

Shekara tara ke nan da rasuwar Buba, Bafillacen da ya sare mini yatsu biyu na hannun hagu. Da ukun da ya bar mini na taya a yi masa wankan gawa. Ban shiga lakkol na yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma ni ba mai yawan magana ba ne. Kowace kaka in aka taru bakin rijiya sai a ce, "Ila, ce wani abu," in kasa. Bana na ce gara in faɗa sau ɗaya in huta.

Ƙauyenmu yana ƙasar Mayahi, kan hanyar garin Sarkin Hausa. Akwai burtali, hanyar shanu, da ya ratsa gonakinmu tun kakanni. Mu manoma muka riƙa cin sa, bana taku ɗaya, baɗi taku biyu. Har da ni. Wata kaka hanyar ta yi wa shanu kaɗan, suka faɗa cikin wake. Da hantsi aka fara faɗa. Da jandarma suka iso, an gama. Ƙanena Sani ya mutu. Hamma, ɗan Buba na fari, ya mutu. Akwai wasu. Ni na fasa wa Buba kai da gora, shi ya kawo mini takobi. Babu wanda ya ci.

Dattawa suka zaunar da mu, aka dafa Alƙur'ani. Aka ce a yi abin tunawa a inda jinin ya zuba. Mu ba mutanen gunki ba ne, sai aka haƙa rijiya, ladan ya je ga mamatan. Ranar da magini zai rubuta sunayensu a bakin rijiyar kafin siminti ya bushe, gardama ta tashi. Muka ce namu gabas, nasu yamma. Buba ya ce, "Ku gauraya su. Shekara guda suna kwance cikin ƙasa ɗaya, ba mu ji sun yi faɗa ba." Aka gauraya. Ban iya karatu ba, amma na san inda sunan Sani yake. Na Hamma ne kusa da shi.

Baki ya yi sulhu, ciki bai yi ba. Shekara goma ina jan ruwa a rijiyar nan, Buba yana shayar da shanu, ban taɓa ce masa sannu ba.

Wata safiya na fito na tarar da jar karsana ɗaure a turken jakina. Buba yana tsaye, sanda a kafaɗa. Ya ce ya ɗaure mini ita, ya juya. Na ɗauka diyyar yatsuna ce. Na kwance ta, na ja ta har ruga, na ce, "Yatsuna ba na sayarwa ba ne." Washegari ga ta a turke. Na mayar. Rana ta uku ya tsaya har na fito.

Ya ce, "Kaɗo, wa ya ce maka kyauta ce? Habbanaye ce. Haka muke yi. Ka riƙe ta, ka sha nono. In ta haihu sau uku, ƴaƴan naka ne, uwar ka maido mini."

Na ce, "To kai me ka samu?"

Ya ce, "Saniyata tana gidanka. Duk ranar da na ga dama zan zo in duba ta. Wanda ya zo duba saniyarsa kuwa, ana ba shi ruwa."

Sai na gane. Diyya ana karɓa ne a rabu. Wannan igiya ce ya kawo, baki ɗaya a wuyan karsana, ɗayan a ƙofar gidana. In na karɓa, shekara biyar ko shida mutumin nan zai riƙa zama kan tabarmata. In na ƙi, da ni da shi sai lahira. Ina tsaye ina tunanin Sani, sai matata Hajara ta leƙo ta kan darni ta ce, "Malam, ko ba ka karɓa ba, baƙon naka tsaye yake." Ta miƙo ƙwarya. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Na daka masa tsawa na ce ya zauna kafin ya faɗi.

Tun daga nan bai bar ni na huta ba. Da karsanar ta haihu, ya tarar da ni durƙushe ina kokawa da hantsa, saniya ta shure ƙwarya. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Da na san tatsa za ka yi, da na bar maka biyun." Na ce, "Da na san za ka riƙa cinye mini tuwo, da na ƙara maka gora ɗaya." Ya shafa tabon kansa ya ce wannan ma ta isa. Shi ya koya mini tatsa da yatsa uku. Maganar Sani da Hamma ba mu taɓa yin ta ba. In mun bi ta rijiya, kowa ya dafa wurin sunayen ya yi Fatiha, mu wuce.

Da Buba zai tashi yau, da ya ga an kafa turakun siminti a gefen burtali, ja da fari. Da ya ce sai da aka mutu aka san hanya. Da ya ga makiyaya suna bin shanu da waya a kunne, da ya tambaya wa ke sauraron shanun. Kusa da rijiyarmu an yi famfo mai aiki da rana, mata sun huta da guga. Amma bayan an ɗauke amfanin gona, bakin tsohuwar ake taruwa. Fulani su kawo nono, mu kawo fura, a karanta sunaye a gauraye yadda ya ce. Ban ce an daina saɓawa ba. Harshe da haƙori ma suna yi. Sai dai yanzu in shanu sun yi ɓarna, bakin rijiyar ake zama, kuma da wuya mutum ya ɗaga gora yana zaune kan sunan ubansa.

Buba ya ga haihuwa biyu, bai ga ta uku ba. Da jar ta yaye maraƙi na uku, na ja ta na kai wa ɗansa Umaru. Ya karɓa ya yi godiya. Na dawo gida na ga turken babu igiya, abin bai yi mini daɗi ba. Da rani ya yi tsanani shanun Umaru suka ragu, sai na zaɓi karsana cikin jikokin jar, na kai ruga na ɗaure masa. Fulani suka fito kallo, wai manomi ya ɗaura wa Bafillace habbanaye. Umaru ya ce, "Baba Ila, ka san sharaɗin?" Na ce, "Ubanka ya koya mini. Ɗebo ruwa."

Ban gaji gona daga Buba ba, ba mu haɗa jini ba sai wanda muka zubar. Igiya ya bar mini, kuma ba ta tsinke ba. Ina nan ƙauyenmu, yatsa takwas, shanu shida. Ranar Juma'a bayan masallaci ina rugar Umaru, ina duba saniyata.